Kwarin Engadin: Inda Hunturu Ne Lokacin Girbi

A ajin labarin ƙasa mukan koya wa ɗalibai cewa yanayin wuri shi ne yake tsara sana'ar mutanensa. A wannan karo mun ɗauko misali daga ƙasa mai nisa, inda abin da jama'a suke jira kowace shekara shi ne sanyi. Idan watan Disamba ya kama dusar ƙanƙara ba ta sauka ba, hankalin mai otal da mai kanti da direban bas yakan tashi, kamar yadda na manomi yake tashi sa'ad da ruwa ya ɗauke bayan shuka.

Wurin shi ne kwarin Engadin, a kudu maso gabashin ƙasar Suwizalan, cikin jihar Graubünden, tsakiyar tsaunukan Alfs. Wanda yake da taswira kusa ya buɗe shafin Turai, ya nemi inda Suwizalan ta yi iyaka da Italiya da Ostiriya. Kogin Inn ne ya ratsa kwarin, daga gare shi kuma kwarin ya sami sunansa. Garin da ya fi suna a can shi ne St. Moritz, mai mazauna kimanin 5,000. An sa masa sunan Moris, wani shugaban sojan Roma daga Masar wanda, bisa ga tarihin ikkilisiya, aka kashe a cikin waɗannan tsaunuka a ƙarni na 3 saboda bangaskiyarsa.

St. Moritz yana kan tudu mai tsayin mita 1,800 da 'yan kai daga bakin teku. Mun riga mun koya cewa duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kimanin digiri 6.5. In muka yi lissafi, garin ya fi bakin teku sanyi da wajen digiri 12. Amma tsayi kaɗai bai isa ya kawo dusar ƙanƙara ba. Dutsen Chappal Waddi a jihar Taraba ya kai mita 2,419, watau ya fi St. Moritz tsayi, duk da haka ba a wasan zamiya a kansa, gama yana kusa da tsakiyar duniya inda rana take bugowa daga bisa duk shekara. Engadin kuwa yana wajen digiri 46 arewa. A Disamba rana takan fito a makare, ta bi gefen sama a karkace, ta ɓuya bayan duwatsu tun kafin la'asar ta yi sanyi. A wasu dararen Janairu ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da sifiri da digiri 20 ko fiye. Sanyin da muke kuka da shi a Jos lokacin hunturu, a wurinsu bazara ce.

Kada mu haɗa dusar ƙanƙara da ƙanƙarar da takan faɗo da ruwan farko ta huda ganyen masara. Waccan dunƙule ce mai tauri. Dusar ƙanƙara tururin ruwa ne da ya daskare a cikin gajimare ya zama ƙananan ƙwayoyi masu kusurwa shida, suna saukowa a hankali kamar audugar rimi. Yawancinta iska ce. In aka cika kwano goma da sabuwar dusa aka narkar, abin da za a samu bai wuce kwano ɗaya na ruwa ba. Saboda haka wanda ya taka ta da takalmi sai ya nutse har gwiwa, wani lokaci har kwankwaso.

Daga nan ne dabarar katakon zamiya ta fito, wanda Turawa suke kira siki. 'Yan ajin kimiyya sun san cewa idan aka baza nauyi a kan wuri mai faɗi, dannawarsa takan ragu. Tafin takalma biyu na babban mutum bai fi murabba'in santimita 500 ba. Katako biyu masu tsawon santimita 170 da faɗin santimita 8 kuwa sun haura murabba'in santimita 2,700. Nauyin mutum bai canja ba, amma ya bazu a kan fili ninki biyar, sai ya tsaya a saman dusar. Dalilin da ya sa raƙumi yake tafiya a kan rairayi inda jaki yake nutsewa ke nan. Sa'ad da katakon ya fara tafiya, gogayyarsa da dusa takan narkar da ɗan ruwa siriri ƙwarai a ƙarƙashinsa, a kan wannan ruwa ne yake sulɓewa. Akan shafa wa ƙasan katakon kakin da ya dace da sanyin ranar. A gefunansa kuma akwai bakin ƙarfe mai kaifi, wanda mai zamiya yake kafawa cikin dusa in yana so ya juya ko ya tsaya.

Mutanen Alfs ba su ne suka ƙago wannan katako ba. Mutanen arewacin Turai da na Asiya sun yi dubban shekaru suna farauta da tafiya a kansa, kuma daga Norwe ya shigo Alfs a ƙarshen ƙarni na 19, musamman bayan Fridtjof Nansen ya ƙetare Girinlan a kansa a 1888 ya rubuta littafi a kan tafiyar.

Kafin baƙi su zo, hunturu azaba ne a Engadin. Damina gajeriya ce, hatsi ba ya yin kirki a wannan tsayi, sai ɗan sha'ir. Aikin bazara duka shi ne yankan ciyawa a shanya, domin shanu su sami abin ci wata shida ko bakwai da za su yi a kulle. Tsofaffin gidajen kwarin suna nan har yanzu: bango mai kauri, taga ƙarama wadda bakinta ya buɗe ta waje kamar mazurari don haske ya shiga, rumbun ciyawa da turken shanu da ɗakunan mutane duk a ƙarƙashin rufi ɗaya. Da yake ƙasar ba ta iya ciyar da dukan 'ya'yanta, samari sukan tafi neman kuɗi a waje, abin da ya yi kama da cin rani, sai dai nasu yakan ɗauki shekaru. Sana'ar da suka ƙware a kai ita ce yin alewa da kek da sayar da kofi. Sun cika birnin Benis na Italiya da shagunansu, har aka soke musu izinin sana'a a can a 1766, suka watsu cikin biranen Turai har ƙasar Rasha. Wanda ya yi arziki yakan komo gida ya gina babban gida.

Baƙin da St. Moritz ya sani a dā masu zuwa shan ruwan magani ne da bazara, gama akwai maɓuɓɓuga mai ƙarfe a cikin ruwanta wadda aka yi sama da shekara 3,000 ana amfani da ita. Da sanyi ya fara sai kowa ya kama hanyar gida. Labarin da mutanen garin suke bayarwa shi ne, a kakar 1864 wani mai otal, Johannes Badrutt, ya ce wa baƙinsa Ingilishi su dawo da hunturu su gani da idonsu. Ya ce za su zauna a rana ba tare da babbar riga ba, in kuwa ba haka ba ne, shi zai biya kuɗin tafiyarsu zuwa da komowa. Suka dawo wajen Kirsimeti, ba su tafi ba sai Ista. Wataƙila bakin mutane ya ƙara wa labarin gishiri, amma abin da Badrutt ya dogara a kai gaskiya ne. Duwatsun da suke kewaye da kwarin sukan tare yawancin gajimare, iskar wurin busasshiya ce, sama takan yi garau kwana da kwanaki, alhali a Landan ana fama da hazo da hayaƙin kwal. A Davos, wani gari a wannan jiha, likita Alexander Spengler ya lura da amfanin wannan iska ga masu tarin fuka, garin ya cika da gidajen jinya tun kafin ya cika da masu wasa.

Mutum mai kuɗi da lafiya ba ya iya zaman wata uku yana kallon dutse. Baƙin suka ari keken zamiyar da yara suke wasa da shi da wanda ake jan itace a kai, suka riƙa tsere a titunan gari har suna bankaɗe masu tafiya a ƙasa. Don a raba su da titi aka gina musu hanyar ƙanƙara ta musamman, mai suna Cresta, a hunturun 1884 zuwa 1885. Mutum yakan kwanta rubda ciki a kan ɗan keken ƙarfe, kai a gaba, haɓarsa ba ta fi taƙi ɗaya daga ƙanƙara ba, ya gangara fiye da kilomita ɗaya zuwa ƙauyen Celerina da gudun da yakan wuce kilomita 100 a awa. A 1904 aka buɗe wata hanyar kusa da ita domin babban keke mai ɗaukar mutum biyu ko huɗu, wanda ake kira bob. Har yanzu da hannu ake gina ta kowace shekara, da dusa da ruwa kawai, ta narke in bazara ta zo.

Waɗannan wasanni biyu su ne suka fara kai tutar Nijeriya gasar Olamfik ta hunturu. A 2018, a Koriya ta Kudu, Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga suka zama ƙungiyar bob ta farko daga nahiyar Afirka, Simidele Adeagbo kuma ta shiga tseren kwanciya rubda ciki. Dukansu 'yan guje-guje da tsalle-tsalle ne tun farko, domin abin da ake nema a farkon tseren shi ne ƙarfin tura keke da gudu. Ukun farko a birnin Houston na Amurka suka fara koyo, da keken katako da suka harhaɗa. 'Yan ƙungiyar wasanninmu su riƙe wannan.

Shi wasan siki a hankali ya karɓu. A 1894 Arthur Conan Doyle, marubucin labaran Sherlock Holmes, ya ƙetare dutse daga Davos zuwa Arosa a kan katako tare da wasu 'yan'uwa biyu 'yan garin, ya rubuta labarin a wata mujallar Ingila. Matsalar ita ce hawa. Mutum zai yi awa uku yana hawan dutse da gumi don ya sauko cikin minti ashirin. Inji ne ya warware wannan. Jirgin ƙasa ya iso St. Moritz a 1904 ta hanyar Albula, mai ratsa duwatsu da gadoji masu ban tsoro, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. A 1928 aka kai jirgin da igiya take ja har tudun Corviglia a bisa garin. A 1934 kuma, a Davos, aka kafa igiya mai jan mutum yana tsaye a kan katakonsa. Abin mamaki, jihar da ta karɓi waɗannan injuna ta haramta mota a hanyoyinta daga 1900 har 1925, sai da aka yi ta jefa ƙuri'a kafin jama'a su yarda. St. Moritz ya karɓi baƙuncin Olamfik na hunturu sau biyu, a 1928 da 1948. Na biyun ya zo masa ne domin Suwizalan ba ta shiga yaƙin duniya ba, gine-ginenta suna tsaye.

Yau iyali sukan zo hutun mako guda, yawanci tsakanin Kirsimeti da Sabuwar Shekara ko cikin Fabrairu lokacin hutun makarantu. Da safe a sa kaya hawa uku, da safar hannu, da hular kwano, da takalmin roba mai tauri wanda yake maƙalewa a katako amma ya kwance da kansa in mutum ya faɗi, don kada ƙafa ta karye. Tabarau dole ne, gama sabuwar dusa takan mayar da mafi yawan hasken rana cikin ido, har ta makantar da mutum na kwana ɗaya ko biyu. A sayi katin hawa, a shiga ɗan ɗaki ko kujera da take rataye a igiyar ƙarfe, ta kai mutum sama, wani wuri har fiye da mita 3,000. Hanyoyin saukowa suna da alama: shuɗi ga mai koyo, ja ga wanda ya iya, baƙi ga gwani. Yara ƙanana sukan bi malaminsu a layi kamar 'yan agwagwa, abin da ake fara koya musu kuwa shi ne haɗa kan katako biyu a gaba a ware su a baya, domin a rage gudu. Da dare manyan motoci masu ƙafar sarƙa sukan bi hanyoyin suna daddale dusar.

Akwai kuma masu tafiya a fili maimakon gangara. Tun 1969, ran Lahadi ta biyu ga Maris, mutum sama da 10,000 sukan yi tseren kilomita 42 daga Maloja, suna bi ta kan tafkunan da suka daskare. A tafkin St. Moritz ma, tun 1907, ake sukuwar dawaki a kan ƙanƙara cikin Fabrairu. A wani irin tseren babu mahayi, doki ne yake jan mutum a baya a kan katakonsa.

Yanzu sai mu zo kan haɗari, wanda ya kamata mu ɗan daɗe a kansa. Dusa ba ta sauka gaba ɗaya. Ta yau takan hau kan ta makon jiya, hawa bisa hawa, kowane hawa da irin taurinsa. A dare mai tsananin sanyi wani hawa yakan rikiɗe ya zama ƙwayoyi marasa kama juna, kamar sukari. In sabuwar dusa mai nauyi ta kwanta a kansa, ko iska ta tara ta a can, sai ya zama kamar an ɗora faifan siminti a kan tsakuwa a gangare. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsaga faifan, dukan gefen dutsen ya zame a lokaci guda. Wannan ya fi faruwa a gangaren da karkatarsa take tsakanin digiri 30 da 45, watau daidai irin wanda gwanaye suke so. Dusar da ta zaftare, in ta tsaya, takan daskare ta yi tauri, wanda ta rufe ba ya iya ko motsa hannu. In an tono shi cikin minti 15 na farko, tara cikin goma sukan rayu. Bayan rabin awa yawanci numfashi ya ƙare. Shi ya sa abokan tafiyarsa ne suke cetonsa, gama kafin jirgi mai saukar ungulu ya iso lokaci ya ƙure. Duk mai barin hanyar da aka shata yakan ɗauki ƙaramar na'ura mai aika sigina, da doguwar sanda ta caka dusa, da shebur.

A Janairu da Fabrairu na 1951 zaftarewar dusa ta kashe mutum 98 a Suwizalan, da yawansu a cikin gidajensu. Bayan wannan ƙasar ta kashe kuɗi mai yawa wajen kafa shingayen ƙarfe a saman duwatsu inda dusar take fara zamewa, da sake dasa itatuwa, gama kurmi a bisa ƙauye ya fi kowane shinge arha da daɗewa, kuma doka ta hana sare shi yadda aka ga dama. Cibiyar binciken dusa da take Davos tana fitar da sanarwar haɗari kowace rana cikin hunturu, daga mataki 1 zuwa 5. Ma'aikata kuma sukan tayar da nakiya da sassafe su zubar da dusar da take barazana kafin a buɗe hanyoyi. Duk da haka mutum wajen 20 sukan mutu kowace shekara a ƙasar, yawancinsu waɗanda suka fita daga hanya suka tayar da zaftarewar da ƙafarsu.

Arzikin ya zo da tsadarsa. Attajirai daga ƙasashe da yawa sun sayi gidaje a kwarin waɗanda ba sa kwana a ciki sai 'yan makonni a shekara, farashi ya hau har ɗan gari da yake koyarwa a makaranta ko aiki a asibiti ya rasa gidan haya. Masu dafa abinci da masu gyaran ɗaki da yawa daga Italiya da Fotugal suke zuwa, wasu kuma kullum sukan ƙetaro iyaka da asuba su koma da dare. A 2012 jama'ar Suwizalan suka jefa ƙuri'a, da rinjaye ɗan kaɗan, cewa a daina gina irin waɗannan gidaje a duk garin da suka kai kashi 20 cikin 100. Harshen kwarin na asali, Romansh, wanda aka amince da shi cikin harsunan ƙasa a 1938, ya ja baya ƙwarai a St. Moritz, Jamusanci da Italiyanci sun rufe shi. A ƙananan ƙauyuka ne yake da ƙarfi, inda har yanzu ran 1 ga Maris yara suke zaga gari da ƙararrawar shanu suna korar hunturu. A ganinmu akwai abin dariya a nan, yara suna korar abin da iyayensu suke ci da shi.

Hunturun kuwa yana raguwa da kansa. Tsaunukan Alfs suna ɗumama kusan ninki biyu na matsakaicin duniya. Kusa da Pontresina akwai kogin ƙanƙara mai suna Morteratsch, wanda yake gangarowa daga Piz Bernina, dutse mai tsayin mita 4,049. Tun 1878 ake auna shi, ya ja baya kusan kilomita 3. A hanyar zuwa wurinsa an kafa alluna masu nuna inda bakinsa yake a shekaru dabam-dabam, mutum yakan wuce allon shekarar da aka haifi kakansa ya yi tafiya mai nisa kafin ya ga ƙanƙara. A shekaru biyu kacal, 2022 da 2023, kogunan ƙanƙarar Suwizalan sun rasa kashi 10 cikin 100 na jikinsu.

Masu wuraren wasa sun koma yin dusa da inji. Injin yana fesa ruwa ƙanana-ƙanana cikin iska mai sanyi, ya daskare kafin ya taɓa ƙasa. Sama da rabin hanyoyin zamiya na Suwizalan yanzu suna da irin waɗannan injuna. Suna shan ruwa da lantarki mai yawa, har sai da aka haƙa tafki na musamman a bisa Corviglia kafin gasar duniya ta 2017, kuma ba sa aiki sai sanyi ya sauka ƙasa da sifiri. Engadin yana da sa'ar tsayi. Ƙananan wuraren da suke ƙasa da mita 1,500 su ne suke shan wuya, wasu sun riga sun kwance igiyoyinsu.

Maganar ba ta tsaya ga masu hutu ba. A bisa Maloja akwai wata mashiga mai suna Lunghin inda ruwa yake rabuwa uku: wani ya bi kogin Inn zuwa Danub har Baƙin Teku, wani ya bi Rayin zuwa Tekun Arewa, wani ya gangara kudu zuwa kogin Po. Dusar da ta taru a duwatsu da hunturu ita ce take narkewa a hankali ta ciyar da waɗannan koguna cikin bazara. A hunturun da ya shiga 2022 dusa ta yi ƙaranci a kudancin Alfs, da bazara ta zo kogin Po ya ƙafe irin yadda ba a gani ba cikin shekara 70, manoman shinkafa na arewacin Italiya suka yi asarar gonaki, ruwan gishiri daga teku kuma ya kutso cikin bakin kogin kilomita da yawa.